Ratsi Goma Sha Huɗu

Shekara shida na yi ina kallon haske a cikin bututun gilashi, sai jami'a ta rubuto mini cewa ba za ta ba ni ta bakwai ba. Takardar gajeriya ce. In ban kare kundin digirina na uku a gaban masu jarrabawa kafin ƙarshen wannan zangon ba, za a soke sunana daga rajista. Na karanta ta a tsaye, na ninke, na ɗora kofin shayi a kai. Ban wani damu ba, domin an riga an sa ranar kare kundin, saura mako uku, kuma abin da na gano yana nan daram.

Bututun bai fi tsawon hannuna ba, kaurinsa kamar na kwalbar lemo, da faifan ƙarfe a kowane ƙarshe. Ana zuƙe iskar da ke ciki da famfo, a saka iskar argon 'yar kaɗan daga silinda, sannan a ba shi wutar lantarki mai ƙarfi. In iskar ta yi yawa, siririn zaren haske ne zai bi tsakiyar bututun yana mutsu-mutsu. In aka rage ta, zaren sai ya yi ta ƙiba har ya cika bututun da haske mai ruwan hoda. Kusa da faifan hagu akwai ɗan duhu, sai haske mai ƙarfi, sai wani duhun, daga nan kuma dogon haske har faifan dama. Wannan shi muke kira filasma, kuma duk kyansa za ki iya riƙe bututun da hannu, ɗuminsa bai wuce na goshin jariri ba. Ƙwayoyin lantarkin da ke gudu a ciki su kaɗai ke da zafi, sun fi wutar maƙera nesa ba kusa ba, amma sun yi ƙanƙanta da yawa, ba su iya ɗumama iskar da suke ciki. Ranar da na yi wa mijina wannan bayanin ya ce ai ya gane sarai, kamar gidanmu ne, mutum ɗaya ke tafasa sauran suna shan iska.

Abin da na gano a cikin dogon hasken nan yake. A bututuna ba ya tafiya sumul, yana rarrabuwa ratsi-ratsi, haske, duhu, haske, duhu, guda goma sha huɗu, a tsaye cak, har in sa rula in auna tsakaninsu. Littattafai sun ce a irin yanayin da nake aiki, in argon zalla ce, ratsin gudu suke yi, gudun da ido ba ya kamawa, shi ya sa hasken ke bayyana sumul. Ba su tsayawa sai in wata iska ta gauraya da ita. Nawa kuwa sun tsaya, a cikin argon da takardar jikin silinda ta rantse zalla ce. Shafi ɗari biyu da arba'in na rubuta a kan dalilin tsayawarsu. Farfesa, mai duba aikina, ya kai hotunan wani taro a ƙasar waje, inda na ji labari duk jimlarsa da "mun gano" take farawa.

Mutum na uku a cikin aikin, wanda ba ya cikin "mun" ɗin, shi ne Baba Gilashi, ma'aikacin ɗakin gwajinmu. Shekara talatin da huɗu yana wurin. Shi ke narka gilashi ya ƙera mana bututu, shi ke gyara famfo, shi kaɗai ya san makullin da ke buɗe kowace durowa. Farfesa ma a hannunsa ya koyi kunna wuta ba tare da ta ja shi ba, ko da yake ba ya son a tuna masa. Faifan ƙarfen yana baƙanta gilashi in an daɗe ana kunnawa, don haka kowace Litinin da sassafe Baba ke kwance bututun, ya wanke da sabulu da ruwa da sifirit, ya mayar. Yana rufe ƙofa in zai yi. Ya ce aikin gilashi ba ya son ido, ni kuma ban taɓa musa masa ba, tunda kafin in sauke yara a makaranta in iso, bututuna na ƙyalli. Akwai tanda a kusurwa da ya kamata a riƙa gasa gilashi a ciki bayan wanki, amma ta mutu tun kafin zuwana, kuma a ciki muke ajiye sukari saboda tururuwa.

Ana saura mako uku ɗin nan ne likita ya ce lallai a cire wa Baba yanar ido. Ya bar mini makullai a cikin ambulan, da gargaɗin kada in bar kowa ya taɓa masa kujera. Litinin ta zo, na wanke bututun da kaina, yadda littafi ya ce. Na sa safar hannu, na sa takunkumi, na bar shi ya bushe, na haɗa. Na kunna famfo awa ɗaya kamar kullum, na ja labule, na ba shi wuta.

Hasken ya fito sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu ratsi ko ɗaya.

Kwana huɗu na yi ina fama. Na ƙara iska, na rage. Na ƙara wuta, na rage. Na juya faifan, na canza silinda, na sake wankewa da safar hannu biyu. Bututun ya yi ta ba ni haske mai kyau, irin wanda ke cikin littafi, wanda ba ni da abin yi da shi. Farfesa ya leƙo ran Laraba, ya tsaya hannu a aljihu, ya ce wataƙila wani wuri ke yoyo. Na san in da yoyo ne iskar waje za ta shiga ta kawo ratsi, ba ta kore su ba. Kafin ya fita ya tuna mini cewa baƙon farfesan da zai zo jarraba ni ya rubuto yana son ya ga bututun a kunne da idonsa. An san mutumin, ba ya yarda da hoto.

Ran Asabar da hantsi na je duba Baba a gida. Gaskiya ba duba shi kaɗai ya kai ni ba, kuma na ji kunyar hakan tun a hanya. Babbar 'yarsa ta shigar da ni. Yana zaune a kujerar roba a inuwar baranda, sanye da baƙin tabarau da asibiti ta ba shi, yana ƙorafin an hana shi sunkuyawa. Muka gaisa, na tambayi ido, ya tambayi yara da maigida. Ina neman ta inda zan ɓullo wa maganar bututu, sai ya cire tabaran ya kai bakinsa, ya yi masa huci sau biyu, haa, haa. Bai goge nan take ba. Ya ɗaga shi sama, ya ƙanƙance ido yana duban raɓar da ta kwanta a kai.

"Kin gani? Dabbare-dabbare. Akwai maiƙo," in ji shi. "In gilashi ya wanku, huci kwanciya yake yi bai ɗaya. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce kada in taɓa yarda da gilashi sai na tambaye shi da bakina."

Na ce, "Har da bututuna, Baba?"

"Shi ma fa gilashi ne, 'yar nan. Sau biyu ta kowane baki. Ban taɓa ba ki shi ban tambaye shi ba."

Ya faɗi haka da alfahari, yana goge tabaran da gefen rigarsa. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na shanye ruwan da aka kawo mini tas, na yi masa sallama.

Daga gidansa ɗakin gwaji na wuce. Na kwance bututun, na waiga ko akwai mai ganina, na yi masa huci sau biyu ta kowane baki. Na haɗa, na kunna famfo, na zauna a kujerar da aka hana kowa zama, ina kallon agogo. Da awa ta cika na ba shi wuta. Suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibai sun dawo daga hutu, suka tsaya a wurarensu. Na ƙirga sau uku. Goma sha huɗu.

Akwai wata 'yar na'ura a durowa ta uku, mai kama da gajeren tabarau na hangen nesa, wadda ke rarraba haske launi-launi ta nuna wace iska ce ke ci. Na ɗauko ta na leƙa. Ga jan layin haidirojin, iskar da ke fitowa daga ruwa, raɗau yana kallona. Ruwan hucin yana manne wa gilashi, famfo na awa ɗaya ba ya cire shi, kuma da zarar an ba da wuta sai ya riƙa sakin jiki kaɗan-kaɗan, wutar ta farfasa shi ya gauraya da argon. Na'urar shekara shida tana durowar nan, taku biyu daga inda nake zama. Ban taɓa leƙawa ba saboda takardar silinda ta ce zalla, ni kuma ina son ta zama zalla. Har ma na lura tuntuni cewa ratsin sun fi fitowa fes ran Litinin, su dushe zuwa Juma'a. Na rubuta shafi goma sha ɗaya ina ɗora laifin a kan baƙin da ke taruwa a gilashi, da zane-zane masu kyau.

Mijina ya saurare ni yana gyara wa ƙaramarmu jakar makaranta. Da na gama ya ce to ai matsalar ta warware kanta, tunda na san maganin, in hura in yi shiru, bututu dai ba ya magana. Na dube shi. Ya ce wasa yake yi. Ya ƙara da cewa rabin wasa ne, domin shekara shida ba kwana shida ba ce, kuma shi ma ya yi digirin nan tare da ni ba tare da an sa sunansa ba. Ban yi fushi da shi ba. Abin da ya faɗa a fili shi nake ta faɗa wa kaina a ɓoye tun ina cikin mota.

Farfesa kuwa bai faɗa a fili ba. Ran Litinin na same shi a ofis na yi masa bayani, ya cire tabarau ya ajiye, ya tambayi wa da wa suka sani. Sannan ya yi doguwar magana a kan yadda kowane bincike ke da ɗan abin da ake barin na gaba su gyara, da yadda baƙon ba zai wuce minti goma a ɗakin gwaji ba, da yadda rajista ba ta san uzuri ba. Na jira ya kai aya, na tambaye shi wa ke wanke masa bututu lokacin da yake nasa digirin. Ya juya yana kallon taga, inda babu komai sai bangon sashen lissafi. Can ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma in tuna shi bai ce komai ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Na yi kwana takwas ina kai-kawo tsakanin hurawa da faɗa. Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya raba gardamar ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, in na yi shiru, duk inda na je aka kira ni Dakta, zan san cewa wani a wata ƙasa zai sayi argon ya wanke bututunsa da safar hannu ya ɓata shekarunsa yana neman ratsina. Na riga na ɗanɗana kwana huɗu na irin wannan neman, ba zan yi wa maƙiyina fatansa ba.

Baba ya dawo ana jibi za a kare kundin, da sabon farin tabarau, yana ganin ƙurar da ya ce shekara uku ba a share ba. Na zaunar da shi na gaya masa. Na bi a hankali, na ce laifina ne da ban leƙa na'ura ba, na maimaita hakan har sau uku. Ya saurara bai katse ni ba. Sai ya fara lanƙwasa yatsu yana motsa leɓe, ya gama hannu biyu ya ƙara ɗaya.

"Dakta goma sha ɗaya suka fita daga ɗakin nan," ya ce. "Duk na hura musu."

Na ce yawancinsu ba a kan argon zalla suka yi aiki ba, babu abin da ya same su.

"Amma ke na ɓata miki shekara shida da bakina."

Ya ciro makullan da na mayar masa da safe daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya tura su gabana da yatsa ɗaya. A duk makonnin nan ban yi kuka ba, ko ranar jan layin, amma ganin makullan nan a kan tebur ya kusa karya ni. Na tura masa abinsa. Na ce ba ni da lokacin wannan, bututu biyu nake buƙata jibi, iri ɗaya, wankakku, kuma kada ya tambayi ko ɗaya da bakinsa sai na ce. Ya ɗauki makullan bai dube ni ba. Ranar bai rufe ƙofa ba da zai yi wankin, kuma na ga ya ɗaure hanci da baki da hankici kamar mai shiga kwata.

Baƙon farfesan ɗan ƙaramin tsoho ne mai jan biro a aljihun gaba. Da ƙarfe goma na safe muka taru, shi da Farfesa da shugaban sashe da wasu malamai biyu. Aka ce in fara. Na ce kafin komai ina son su sani cewa kalma ɗaya a taken kundin ba daidai ba ce, kalmar "zalla", kuma abin takaici a kanta sauran shafukan ke zaune. Shugaban sashe ya duba takardarsa kamar zai ga gyaran a ciki. Farfesa ya duba silin. Baƙon ya cire murfin jan bironsa ya ce mu je ɗakin gwajin.

Na ja labule, na kunna bututu na farko. Sumul. Na ba shi na'urar ya leƙa, ya gyaɗa kai. Sannan na ɗauko na biyu, wanda ba a haɗa ba tukuna. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan bakinsa, kamar yana tsoron numfashinsa zai iso daga can.

Na ce, "Baba, zo ka hura."

Bai motsa ba. Na sake cewa, "Yadda ka saba, Baba. Ni ban iya kamar kai ba."

Ya tako a hankali, ya karɓi bututun da hannu biyu. Ya yi masa huci sau biyu ta nan, sau biyu ta can, kuma da yake hali zanen dutse ne, sai da ya ɗaga shi sama ya duba yadda raɓar ta kwanta, ya ce ya wanku. Muka haɗa, muka kunna famfo. Awa guda farfesoshi suna shan shayi a tsaye, da sukarin da na ɗebo daga tanda. Da lokaci ya yi na ba shi wuta. Baƙon ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya bi ratsin da bakin biro yana ƙirgawa, ya leƙa na'urar, sannan ya juya wajen Baba ya tambaye shi ko kullum sau biyu ne.

"Sau biyu, ranka ya daɗe. In ana sanyi, ɗaya ma ta isa."

Baƙon ya rubuta wannan a littafinsa da jan biro, har da maganar sanyin.

Sun bar ni a waje minti arba'in. Hukuncin da suka fito da shi ba cin nasara ba ne, ba kuma faɗuwa ba. An ɗauka na kare kundi a cikin wa'adi, don haka sunana ya tsira, amma in koma in auna ruwan da awo na gaskiya, in nuna yadda ratsin ke canzawa da yawansa, in sake rubutawa cikin wata shida. Daga shafi ɗari biyu da arba'in, sittin suka rayu. Farfesa ya daina cewa "mun gano", ya koma cewa "ɗalibata ta lura", kuma ya yi kusan shekara yana amsa gaisuwata da kai kawai. Na samu digirin. A shafin godiya na sa Baba sama da kowa, mijina ya ce bai ji haushi ba, ya faɗi haka sau huɗu.

Baba ya yi ritaya a ƙarshen shekarar. Aikin ƙarshe da ya yi mini shi ne bututu na biyun nan. Na roƙe shi ya sake hura masa, muka cika shi da argon daidai awon da ratsin ke tsayawa, ya narke bakinsa da wuta ya like shi ruf, ba shiga ba fita. Ya ce wannan ɓarnar gilashi ce, amma ya yi likin da kyau fiye da duk wanda na taɓa gani. Bayan shekara biyu 'yarsa ta kira ni da safe ta ce Allah ya yi masa rasuwa.

Bututun na cikin durowa ta uku, naɗe da tawul. Duk lokacin da aka kunna shi, ƙarfen da gilashin suna shanye kaɗan daga abin da ke ciki, kuma ba ya dawowa. Wannan ma yana cikin sabon kundin, babi na biyar, da lissafinsa. Don haka sau ɗaya nake kunna shi a shekara, ranar da sababbin ɗalibai suka fara shiga ɗakin gwaji, na minti biyu, in nuna musu abin da takardar jikin silinda ba ta sani ba. Bana goma sha huɗun sun fito, sai dai uku na ƙarshe sun fara dushewa, gefensu ya narke cikin juna. Wata ɗaliba ta ce in ɗan ƙara barinsa, hotonta bai fito da kyau ba.

Na ce ta dawo baɗi, na kashe wutar.